Yadda ake koyon taici daga tushe: tsayuwa, ƙugu da cin moriyar taron bita

Wata shida na yi ina koyon taici, wasan motsa jikin Sinawa da ake yi a hankali, daga bidiyo. Kullum bayan asuba sai in jingina waya a jikin taga, in bi wani dattijo ɗan ƙasar Sin mai fararen kaya, duk inda ya kai hannu in kai nawa. Na haddace gajeren jerin taici mai motsi 24 kaf, amma gwiwata ta dama ta kama ciwo, har ta kai sai na dafa ƙasa da hannu biyu kafin in tashi daga zaman tahiya. Da na samu halartar wani taron bita na kwana biyu, na je da niyyar nuna wa malamin abin da na iya. Ko tambaya bai yi ba. Ya ce kowa ya tsaya, ya riƙa binmu ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Da ya iso kaina sai ya sa yatsu biyu a lanƙwasar da ke tsakanin cinyata da marata, ya danna baya kaɗan, ya ce, "Nan za ka zauna, ka ƙyale gwiwa ta huta." Nan take na ji nauyina ya bar ƙoƙon gwiwa ya gangara tafin ƙafa, cinyoyina kuwa suka ɗau zafi kamar na hau dutse.

Ido hannu yake gani a taici, alhali aikin yana ƙafa da ƙugu. Bidiyo zai ba ka jerin motsi, gyaran jiki sai hannun wanda ya sani, zaunar da gyaran kuma aikinka ne a gida. A kan wannan tsari na jero matakan nan.

Mataki na farko: san abin da za ka shiga, ka zaɓi salo ɗaya

Cikakken sunansa taici cuwan, kuma cuwan na nufin dunƙulallen hannu. Asalinsa fasahar faɗa ce. Masana tarihi suna kai tushensa ƙauyen Chenjiagou da ke lardin Henan a ƙasar Sin, wurin Chen Wangting, wani tsohon soja na ƙarni na 17. Daga wannan gida Yang Luchan, wanda ya rayu daga 1799 zuwa 1872, ya koya a hannun Chen Changxing, ya kai shi Beijing. Jikansa Yang Chengfu ne ya faɗaɗa motsin ya sassauta shi, ya zama irin wanda aka fi gani yau a filayen shaƙatawa. A 1956 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta tsamo gajeren jeri mai motsi 24 daga salon Yang don jama'a, a Disambar 2020 kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya taici cikin al'adun gado na duniya.

Sanin asalin yana da amfani, domin kowane motsi yana da dalili: wannan turewa ce, wancan kauda naushi ne. In ka san dalilin, ka san inda ƙarfi ya kamata ya bi.

Manyan salo biyar ne: Chen, Yang, Wu, Wu Hao da Sun. Na Chen yana da durƙuso ƙasa sosai da murɗa jiki da fizgar ƙarfi jefi-jefi. Na Yang a shimfiɗe yake, saurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Na Sun tsayuwarsa a sama take, takunsa gajere, shi ya sa ake yawan ba masu ciwon gaɓoɓi shi. Ni dai shawarata, ka bi salon da ka samu malaminsa a kusa, ka zauna a kansa aƙalla shekara biyu. Mai hawan jini, mai juna biyu da wanda aka yi wa tiyata su fara jin ta bakin likita, kuma kada kowa ya ajiye maganinsa don ya fara taici.

Kayan aiki ba su da yawa: wando mai walawa, takalmi mai shafaffen ƙasa marar tudun dunduniya, da fili mai kamar taku huɗu kowane gefe. Siminti mai santsi da tabarmar roba mai zamewa ba su dace ba.

Mataki na biyu: koyi tsayuwa

Sinawa suna kiranta jan juwang, wato tsayuwa kamar turke. Nan ya kamata ka fi daɗewa, kuma nan mafi yawan mutane ke tsallakewa.

Ka ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗunka, yatsu na kallon gaba. Ka baza nauyi a tafin ƙafa duka: dunduniya, gindin babban yatsa, gindin ƙaramin yatsa, kamar murhu mai duwatsu uku. Ka ɗan yi lilo gaba da baya har ka gano tsakiya, inda yatsu ba sa ƙanƙame ƙasa, dunduniya kuma ba ta ɗauke komai ita kaɗai ba.

Sai lanƙwasar nan da malamin ya danna mini. Sunanta kwa a bakinsu, ita ce inda wando ke naɗewa in ka zauna. Ka sa gefen tafin hannunka a wurin, ka saki, kamar za ka ɗosana a bakin doguwar kujera. Gwiwa za ta lanƙwashe da kanta, kaɗan. Bambancin a nan yake: wanda ya fara lanƙwasa gwiwa, gwiwar ke tafiya gaba ta ɗauki kaya, wanda ya fara sakin kwa kuwa, cinya da ɗuwawu ke ɗauka. Leƙa ƙasa. In ba ka hango yatsun ƙafarka, gwiwa ta wuce iyaka. Kowace gwiwa kuma ta fuskanci inda yatsun ƙafarta suka fuskanta, kada ta faɗa ciki.

Ƙashin baya na ƙasa ka bar shi ya rataya. Kada ka turo ɗuwawu baya, kada kuma ka matse shi ka cusa gaba da ƙarfi. Saki kawai ake so.

Kai kuma, duba mai ɗauke da tulu a kan gammo. Ba ta sanƙarar da wuya, ba ta ɗaga haɓa, tsakar kanta na tokare da kayan, ƙeyarta a miƙe, kafaɗunta a sake, ga shi tana tafiya ruwa bai zuba. Ƙa'ida ta farko cikin goma da almajiran Yang Chengfu suka rubuta daga bakinsa ke nan: tsakar kai ta tasa sama ba tare da ƙarfi ba. Ka ɗan ja haɓa ciki, harshe ya taɓa dasashin sama, ido ya kalli gaba a sake.

Yanzu ɗaga hannaye daidai ƙirji kamar ka rungumi gindin bishiya, yatsu na kallon juna da tazarar kamar dunƙule ɗaya ko biyu. Kafaɗa ta sauka, gwiwar hannu ta rataya ƙasa da wuyan hannu, a hamata kuma ka bar wurin da ƙwai zai zauna bai fashe ba, bai faɗi ba. Ƙirji kada ya banƙare irin na soja a fareti. Numfashi ta hanci, yadda ya zo. Kada ka tilasta masa, da kansa zai sauka mara nan da 'yan makonni.

Fara da minti 2 ko 3. Duk mako ka ƙara minti ɗaya har ka kai 10, in ka ji daɗi ka wuce. Cinya za ta yi rawa, kafaɗa za ta yi tsami, tafin hannu zai yi ɗumi, duk ba komai. Amma suka a cikin gwiwa ko jiri, alama ce ta ka tsaya ka gyara.

Kalmar da za ka fi ji a bakin kowane malami ita ce sung. Ana fassara ta da sakin jiki, sai mutane su yi laƙwas kamar tsumma. Ba haka ake nufi ba. Dubi igiyar guga lokacin da guga ya cika yana tahowa: babu ƙulli a jikinta, ba ta sanƙare ba, amma a miƙe take tun daga hannu har ruwa. Aikinka a tsayuwa shi ne neman ƙulle-ƙullen nan. Ka bi jiki daga sama: goshi, muƙamuƙi, wuya, kafaɗa, ciki, kwa. Duk inda ka tarar da riƙo, ka saki, ka dawo bayan minti ɗaya, za ka tarar ya sake ƙullewa, ka sake saki. Ni a muƙamuƙi nawa ya ɓoye, ban taɓa sanin ina cije haƙora ba sai da na fara tsayuwa.

Mataki na uku: raba cikakkiyar ƙafa da wofi

A taici kullum ƙafa ɗaya ce ke ɗauke da mafi yawan nauyi, ita ake kira cikakkiya, ɗayar kuma wofi. Wanda ya kasa rabewa, ya dasa nauyi ya ƙame a kan duka biyun, ba ya iya juyawa sai ya fizgi jiki.

Daga tsayuwar ɗazu, sauke hannu, ka zuba nauyinka a ƙafar dama sannu a hankali, kamar mai juye hatsi daga wannan kwano zuwa wancan. Kai kada ya yi sama ko ƙasa, kafaɗa kada ta karkace. In nauyin ya gama komawa, ɗaga ƙafar hagu kaɗan. In sai da ka yi tangaɗi ta ɗagu, juyen bai kammala ba. Yi sau 20 kowane gefe.

Daga nan sai taku. Tsofaffin rubuce-rubucen taici sun ce a yi taku irin na kyanwa, kuma duk wanda ya ga kyanwa na laɓaɓa wa ƙadangare ya san abin da ake nufi: tana ajiye ƙafa ta gwada wurin kafin ta ɗora nauyi. Ga yadda ake yi. Nauyi na kan dama, yatsun dama sun buɗe waje kamar rabin kusurwar ɗaki. Saki kwa na dama, miƙa ƙafar hagu gaba, dunduniya ta taɓa ƙasa babu nauyi ko kaɗan, yadda in an ce ka janye za ka janye ba tare da ka motsa kai ba. Shimfiɗa tafin, sannan ka tura daga ƙafar baya har kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin ya koma gaba. Gwiwar gaba ta tsaya kafin ta wuce yatsu. Kada ƙafafun su hau layi ɗaya kamar mai tafiya a kan igiya, ka bar faɗi tsakaninsu.

Don taku na gaba, koma da nauyi baya, ɗaga yatsun ƙafar gaba, juya su waje a kan dunduniya tare da ƙugu, sannan ka mayar da nauyin duka a kanta ka ɗauko ta baya. Wannan wurin ne ya ci mini gwiwa. Ina juya jiki alhali ƙafar na dashe da nauyi a kanta, sai murɗawar ta ƙare a gwiwa. Gwiwa kamar ƙyauren ƙofa take, gaba da baya ta sani. Juyi aikin kwankwaso ne. Duk lokacin da ka ji murɗa a gwiwa, ko kwa ya ƙulle, ko ka juya kafin ka sauke nauyi.

Wannan atisayen yana amfanar dattawa. A 1996 masu bincike a Jami'ar Emory da ke Atlanta a Amurka, ƙarƙashin Steven Wolf, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mutum 200 masu shekara 70 zuwa sama. Waɗanda suka yi taici na mako 15, haɗarin yawan faɗuwarsu ya ragu da kusan rabi. Ban yi mamaki ba. Wanda ya saba gwada ƙasa kafin ya ɗora nauyi, ko ya yi tuntuɓe yana da ƙafar da zai koma kanta.

Mataki na huɗu: ƙugu ya ja, hannu ya bi

Akwai jimlar da kowane ɗalibin taici ke haddacewa: ƙarfi saiwarsa na tafin ƙafa, ya taso ta ƙafafu, ƙugu ya sarrafa shi, ya bayyana a yatsu. Wadda ta iya daka ta riga ta san wannan a jikinta. Yarinya mai koyo da damtse take ɗaga taɓarya, kafin a jima ta gaji. Uwarta kuwa daga ƙafa da ƙugu bugun ke fitowa, hannu rakiya kawai yake yi.

Gwada da bango. Tsaya ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ɗora tafin hannu a bango, ka tura a hankali. In jikinka a jere yake, za ka ji turin a dunduniyar baya. Yanzu ɗaga kafaɗa ka sake turawa. Ƙarfin zai maƙale a kafaɗar, ƙafa ba za ta ji komai ba. Ka riƙa wannan gwajin da kowane motsi da ka koya.

Na biyu, riƙe faranti da hannu biyu a gaban cibiya. Juya hagu da dama ta hanyar naɗe kwa ɗaya da buɗe ɗayan, farantin kada ya bar gaban cibiya, gwiwoyi kada su yi lilo. Hanci, cibiya da faranti su tafi tare. Za ka ga juyin bai da yawa, kuma iyakar juyinka na gaskiya ke nan a yanzu. Cibiyar motsin tana mara, kamar yatsu uku ƙasa da cibiya, wurin da suke kira dantiyan. Jiki ya zama tsintsiya, nan ne maɗaurinta.

Mutanen gidan Chen suna da atisayen da suke kira jan zaren siliki: hannu ɗaya na zana da'ira a gaban jiki, nauyi na kaiwa da komowa, damtse na murɗawa a hankali, duk ƙugu ke tuƙawa. Wanda ya taɓa zama kusa da tsohuwa mai kaɗi ya ga ma'anar sunan. In ta fizga zaren ya tsinke, in ta yi sake ya yi kauri ya cukurkuɗe, sai ja ɗaya mai ɗorewa. Haka motsi zai kasance, ba tsayawa, ba zabura. Ka kuma lura da haɗuwa uku: kafaɗa da kwankwaso, gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, hannu da ƙafa, su tashi tare su isa tare.

Sai yanzu jerin motsi zai yi maka amfani. Ɗauki motsi ɗaya ko biyu a mako. Jerin 24 bai wuce minti 5 zuwa 6 ba in an iya.

Mataki na biyar: yadda za ka ci moriyar taron bita

Irin wannan taro yakan ɗauki yini ɗaya zuwa mako. Manyan malamai irin su Chen Xiaowang, ɗan gidan Chen na Chenjiagou, sun shafe shekaru suna zagaya ƙasashe suna gudanar da shi, kuma an san shi da bin ɗalibai yana gyara musu tsayuwa da hannunsa. Wannan gyaran shi ne abin da ka biya kuɗi dominsa.

Kafin ka biya, tambayi wurin wa malamin ya koya da shekara nawa, mutum nawa za su halarta, kuma ko ana gyara wa kowa ɗaya bayan ɗaya. Taron mutum ɗari da malami a kan dandamali bai fi bidiyo da komai ba. Ka guji wanda ke cewa yana ture mutum ba tare da ya taɓa shi ba, ko yana warkar da kowace cuta. Tunda gyaran da hannu ake yi, mace ta tambaya tun da wuri ko akwai malama ko mataimakiya, haka ma wajen zaɓen abokin atisaye. Malamin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ka je da tambaya ɗaya ko biyu da suka fito daga atisayenka, irin su "Malam, me ya sa nake tangaɗi in na ɗauko ƙafar baya?" Ka tsaya inda za a gan ka, kada kunya ta kai ka layin ƙarshe. In malam ya gyara ka, kada ka yi saurin duba madubi ko yin magana. Tsaya cik, ka ji: ina nauyi ya koma, wace tsoka ta kama aiki, wace ta saki? Sau da yawa daidai ɗin zai yi maka kamar karkace, don jiki ya saba da karkacen. Ni da aka miƙar da ni, ji na yi kamar zan kifa. Bayan nan ka rushe tsayuwar da gangan, ka sake nemo ta da kanka sau uku tun malamin na kusa, ka ce ya duba.

Ka kalli gyaran da ake yi wa wasu, domin kuskuren ɗalibai kusan iri ɗaya ne. Lokacin hutu ka rubuta da kalmominka abin da ka ji a jiki. "Kamar na zauna a bakin buhu" ya fi maka amfani nan da wata guda fiye da kalmar Sinanci da ba ka gane ba. In an yarda, wani ya ɗauke ka hoto a gyararriyar tsayuwar, ta gaba da ta gefe.

Za a ba ka abu ashirin. Ka zaɓi biyu ka tafi da su gida. Ka yi atisayensu a daren ranar ko da na minti 10 ne, ka maimaita washegari, don abin da jiki ya ji yana saurin dushewa in an bar shi ya kwana biyu.

Mataki na shida: tura hannu da abokin atisaye

Tui sho suke ce masa, kuma shi ke tona asirin tsayuwar mutum. Ku fuskanci juna, ƙafar dama gaba, bayan wuyan hannunku na dama a haɗe. Shi ya turo a hankali zuwa ƙirjinka, kai ka koma baya, ka naɗe kwa, ka juya ƙugu turin ya wuce ta gefe, sannan kai ma ka tura. Da'ira ce, ba a rabuwa, ba a tokarewa. Abin da ake koyo sunansa sauraro: fatarka ta ji inda ƙarfinsa ya dosa tun bai iso ba. Karin maganar masu taici na cewa ƙaramin awo na kauda babban kaya yana nufin wannan, wato ka karkatar da ƙarfi maimakon ka yi karo da shi.

Matsalar ita ce son cin nasara. Da zarar an fara kokawa, kafaɗa ta tashi, koyo ya ƙare. Ka nemi abokin da zai tura ka da gaskiya amma a hankali, in ka faɗi ku tsaya ku binciko inda ka ƙulle.

Mataki na bakwai: tsarin gida

Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Ga yadda nake raba nawa: minti 3 na sassauta gaɓoɓi, 7 na tsayuwa, 5 na taku, 5 na motsi ɗaya tak ina maimaitawa da gyaran da aka yi mini a zuciya. In da sauran lokaci sai in yi jerin duka. Sanyin safiya ya fi, kuma ba a yi da cikakken ciki, a bari abinci ya faɗa tukuna.

Sau ɗaya a wata ka jingina waya ka ɗauki kanka ta gaba da ta gefe, ka kwatanta da hoton da aka ɗauke ka a wurin bita. Duba abu uku: gwiwa na bin yatsu, kai na tafiya a layi ɗaya ba hawa da sauka, hannu na tsayawa lokacin da ƙugu ya tsaya. Abin da ka ga ya ƙi gyaruwa bayan wata uku, rubuta shi a shafin farko na littafinka, shi za ka kai wa malam a bita ta gaba.